Ka Wanke Mana Shi

Madawa, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Lurwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aikin naka. Mu nan sai godiya. Maigidana Kabiru yana gaishe ka, yara suna lakkwal wurin karatu. Inna Hajo ce dai jikin sai a hankali.

Na san za ka juya takardar nan ka ce wace Bushira kuma. Ni ce, ɗiyar Hajo da Gali, malamar lakkwal a Madawa. Mahaifin uwarka Saude da mahaifin Inna wa da ƙane ne. Rabona da kai tun kana yawo ba wando a Babankatami, yanzu an ce ka zama babban mai haɗa fim ɗin biki a Yamai. Zumunci a ƙafa yake, namu kuwa ya gurgunce, na raba mana laifin biyu, ka ɗauki ƙaramin.

Direban da ya kawo maka wannan zai ba ka wani gwangwani. A cikin adakar Baba Sufyanu, wan mahaifina, muka same shi bayan rasuwarsa watan jiya. Fim ne irin na da, a naɗe. Lokacin aikin jera duwatsu a tsaunukan Kaita, wani nasara ya ɗauki ma'aikata, da zai tafi ya bar wa mahaifina wannan. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ciki. Ka san Baba Gali ya tafi Abijan cin rani ina cikin ciki wata biyar, can ya rasu, can aka rufe shi, katin shaidarsa ma bai dawo ba. Ba mu da hotonsa ko ɗaya.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Lokotoron ido a Tawa ya ce Inna hawan jinin ido gare ta. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana tsukewa, yanzu gani take kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, kuma ya ce da wuya ya wuce daminar bana. Tun da ta ji labarin gwangwanin nan ba ta da wata magana sai shi. Shekara talatin da bakwai ba ta ga fuskar mijinta ba, tana so ta gan ta sau ɗaya kafin ƙofar ta rufe.

Don Allah ka wanke mana shi, ka sa a kile, ɗan abin nan da ake cusawa a jikin tele, yadda za mu kalla a gida. Kabiru ya sayi tele mai cin rabin bango, yau ga ranarsa. Na rubuto a takarda ne don in na kama waya kan maganar nan kuka ke riga ni.

Yayarka,
Bushira

*

Yamai, 15 ga Fabrairu

Yaya Bushira,

Wa alaikumus salam. Na samu takarda da gwangwani lafiya. Mu duka lafiya muke, Allah ya ba Inna Hajo sauƙi. Maganar wando kuwa ba ni da shaida, na bar ki da Allah.

Da na buɗe gwangwanin wani tsami ya buge ni, alamar fim ɗin ya fara mutuwa ke nan. Ya bushe, yana karyewa. Na kai shi wurin uban gidana mai injin juya irinsa, da ƙyar ya ratsa injin sau ɗaya, bayan nan ya zama gutsi-gutsi. Amma alhamdu lillahi mun kama shi cikin odinatar, wato kwamfuta, kafin ya watse.

Minti huɗu ne da ɗan kai, ba murya. Mata suna hawa tudu da duwatsu a ka. Sai wani dogon mutum da igiyar awo a kafaɗa ya matso dab da mai ɗauka, ya yi dariya. An rubuta Gali a jikin gwangwanin, na tabbata shi ne.

Matsala ɗaya, hoton cike yake da tsaki, ƙananan ɗige-ɗige ko'ina suna motsi. A jikin fim ɗin suke tun asali, duk fim ɗin da haka yake. A ƙaramin allo ba su damun ido, amma tele irin naku na yanzu ba ya rufa wa kowa asiri, har gashin gira nunawa yake. In na aiko haka za ku ce tururuwa ce ta hau fuskar Baba. Na gane wankin da kike so, ki bar mini. Ina da sabon abin aiki da ke share tsaki ya gyara fuska. Ki ba ni sati uku.

Ƙanenki,
Lurwanu

*

Madawa, 19 ga Afrilu

Lurwanu,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi. Ina fatan kai ma lafiya ce ta hana ka rubutu, ba akasinta ba.

Sati ukunka ya haifi sati tara. Na kira sau biyar, wayarka ko dai tana kashe ko kiɗan biki ya cinye muryarka. Na san lokacin aure ne, kuma mu ba amare ba ne. Amma idon Inna bai san kana da aiki ba. Watan jiya tana gane ni daga bakin ƙofa, yanzu sai na zo kusa har ta ji numfashina. Duk motar Yamai da ta tsaya a tasha sai ta ce a je a duba.

Maganar tsaki da ka yi ban gane ta ba, ban kuma tsaya ganewa ba, kai ne mai sana'a. Ka aiko kawai. Raina ya fara ɓaci, gara in faɗa maka da in riƙe.

Bushira

*

Yamai, 27 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa. Bukukuwa ne suka taru mini, ga wutar lantarki da ke wasa da mu. Kuma aikin Baba ba na gaggawa ba ne, hoto ɗaya-ɗaya na bi shi, sama da dubu huɗu.

Ga kile nan. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ba sauran ɗigo ko ɗaya, kamar jiya aka ɗauka. Uban gidana da kansa ya kira mutane su gani. Ku rufe taga ku zaunar da Inna kusa. Ina jiran albishir, tukwicina kuwa kilishin Madawa.

Lurwanu

*

Madawa, 3 ga Mayu

Lurwanu,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Lafiyarmu ƙalau, in ban da abin da zan faɗa maka.

Jiya Juma'a bayan la'asar muka kalla. Tun hantsi Inna ta yi wanka, ta sa a ciro mata zanenta na ƙasan adaka, ta sa na zizara mata kwalli. Tsohuwa mai shekara sittin da biyar tana tambayata ko ɗankwalinta ya zauna. Maƙwabta sun cika ɗakin. Muka ajiye mata kujera, tsakaninta da tele bai fi taƙi ɗaya ba.

Da tudun ya fito ta ce, “Ga dutsin Kaita nan, na gane shi.” Matan suka fara hawa, ta ce, “Waccan mai baƙin zane ni ta, tafiyata ta.” Muka yi dariya, ni har da hawaye. Sai dogon mutumin ya matso ya cika allon.

Inna ta karkata kai don ta kawo idon kirkin daidai, ta bi fuskar daga goshi zuwa haɓa. Ta ce, “Wanga wa na?”

Na ce, “Inna, Baba ne.”

Ta ce, “Ku maido baya.” Kabiru ya mayar. Sau uku ana mayarwa, na ukun ya tsayar da hoton cik. Ta ɗora tafin hannu a kan kuncin mutumin, ta ce, “A'a. Gali Bagobiri na, da tsagatai. Wagga huska tai sulɓi awa sabon sabulu. Ɗan wa anka kawo mini?”

Lurwanu, ina tsagar ubana? Mutumin da ka aiko kumatunsa sumul suke kamar na jariri kafin ranar suna. Matan ma duk ka aske su, fuska iri ɗaya kamar uwa guda ta haife su. Inna da ke zaune da tsagarta a kunci ta kalli yarinyar da aka ce ita ce, ba layi ko ɗaya. Wata maƙwabciya ta ce ashe Gali kyakkyawa ne haka, kamar ɗan wasan Indiya. Ta ɗauka yabo take. Inna ta miƙe ta laluba bango ta shige ɗakinta, ta goge kwallin da bakin zane. Har yanzu ba ta sake tayar da maganar ba, shirun nan ya fi mini kuka ciwo.

Sai da na sake karanta takardarka ta farko na gane inda muka rabu. Na ce ka wanke. Kai ɗan Babankatami ne, ka san in an kai wa mai hoto fim an ce ya wanke, ana nufin ya fito da abin da ke ciki ido ya gani. Ba wanda ya taɓa nufin a sa masa sabulu da soso. Yamai ce ta canja maka Hausa, ko injin ne? Ni ma ina da nawa kason, ka rubuta mini tsaki ƙuru-ƙuru na tsallake. Wannan yana cina.

Garin neman gira an rasa ido, mu kuwa idon da ma guda ne. Ka aiko mana na farkon, mai tsakin, mai tururuwar, yadda ya fito daga gwangwani. Mu da muka girma muna tsince tsakuwa a cikin gero, ɗigo ba zai hana mu ganin mutum ba. Ka sa a motar gobe.

Bushira

*

Yamai, 12 ga Mayu

Yaya Bushira,

Ina gaisuwa. Takardarki ta hana ni sukuni, kwana huɗu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Wallahi ban yi da mugunta ba. A wurin aikinmu in an ce wanke, share datti ake nufi, kullum haka muke faɗa. Tsagar kuma sirara ce ƙwarai, fim ɗin ya koɗe, ta gauraya da tsakin. Injin bai san Bagobiri ba. Duk abin da ya gani ƙarami a kan fata ɗauka yake datti ne, ya share ya cike gurbin da abin da yake zato. Ni kuma idona yana kan tsaki, ina murna yana tafiya. Ban lura da abin da ya bi shi ba. Ni ba a yi mini tsaga ba, 'ya'yana ma haka, idona bai saba nemanta ba. Ba hujja nake kawowa ba, gaskiyar ke nan.

Yanzu ga mai nauyin. Na farkon babu shi. A ma'ajiyar odinatar uban gidana yake, da na gama aiki na ce masa an gama da shi, ya goge ya zuba bikin wasu a kai. Na kai wa masu gwada dawo da abin da aka goge, ba su samu komai ba. Fim ɗin kansa kin san ya zama gari.

Amma akwai dabara. Ki tambayi Inna layi nawa ne a kowane kunci, daga ina suka tashi, ina suka tsaya. Zan zana su da hannuna a kan fuskar, hoto bayan hoto, ba wanda zai gane ba na asali ba ne. Kwana goma sun ishe ni, wannan karon ba zan karɓi aikin kowa ba.

Ki yi haƙuri, Yaya. Ke ma da kin ƙara kalma ɗaya a takardarki da ba mu zo nan ba.

Lurwanu

*

Madawa, 16 ga Mayu

Lurwanu,

Gaisuwa.

Ka share wa mamaci fuska, yanzu kuma kana so ka zama wanzaminsa. Ba wanda zai gane, ka ce. Mutum ɗaya muke yi wa abin nan, ita kuwa za ta gane. Ban kai mata maganar ba, ba zan kuma kai ba. Na ce mata dai na farkon ya ɓata, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta juya fuska bango.

Kalmar da ka ce in ƙara, na gode da gyara, ni ce malama amma kai ka ci jarrabawa. Abin da hannunka ya taɓa kada ya ƙara shigo gidan nan.

Bushira

*

Yamai, 2 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna Hajo, in za a karɓa.

Akwai abin da na ɓoye, yau uwata ta tsare ni har na faɗa mata, ta ce in ban sa shi a mota yau ba kada in ƙara kiranta uwa. Kwana uku bayan takardarki ta ƙarshe ina share hotunan wayata na ci karo da shi. Ranar da muka juye fim ɗin, kafin in taɓa komai, na ɗauki allon da waya daidai inda Baba yake dariya. Niyyata in riƙa nuna wa masu kawo aiki, ga kafin ga bayan. Na manta da shi sam.

Hoto ɗaya ne, ba ya motsi, tsakin yana nan duka. Tsagar ma tana nan.

Kin ce kada in ƙara aiko da komai. Na ji zafin maganar, na ce to shi ke nan, tunda an kore ni. Kullum ina cewa gobe. Ga shi a kile, ga shi kuma a takarda, na kai an wanke shi, wankin da kike nufi.

Lurwanu

*

Madawa, 6 ga Yuli

Lurwanu,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso shekaranjiya. Muna lafiya, an yi ruwa, mutane sun yi shuka har gero ya tsiro. Ka gaishe mini da Inna Saude, ka ce na gode mata.

Idon Inna ya rufe ranar ashirin da uku ga Yuni. Da safe ne, na kai mata kunu, ta ce in buɗe taga. Tagar a buɗe take, rana har kan tabarmarta. Ina tsaye da kwanon a hannu ta riga ni magana, ta ce, “To, bari, na gane.” Mun koma Tawa, lokotoro ya duba ya ce sai haƙuri.

Ka lissafa da kanka. Hoton nan yana aljihunka tun sha tara ga Mayu, tana da sauran gani na sati biyar. Motar Yamai kullum tana zuwa. Ban ce kada ka aiko da komai ba, na ce abin da hannunka ya taɓa. Wannan hannunka bai taɓa shi ba, shi ya sa yake da rai. Sau biyu ke nan kana karanta takardata kana jin abin da ke cikin kanka. Na farko na raba laifin da kai. Wannan ma na so in ɗora maka shi duka, sai dai na san da fushi na rubuta layin nan, kuma na so ya yi maka ciwo. Ya yi, ita ta biya.

Na sa kilen a tele ni kaɗai tukuna. Gaskiyarka, tsaki ne ko'ina, kamar an watsa dussa a kan allo. In na matsa kusa ba na ganin komai sai ɗige-ɗige. Da na ja baya taku uku sai ga mutum. Haƙorinsa ɗaya na sama ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, irin na ɗana na biyu, wanda kullum nake cewa ban san inda ya samo shi ba. Wancan na sabulun haƙoransa a jere suke. Shekarata talatin da bakwai, ranar na fara ganin ubana.

Na yi niyyar ɓoye mata, don me zan gaya wa makauniya ga abin da take nema ya zo. Amma ta ji ina jan hanci. Ta ce, “Mi ya hwaru?” Na faɗa mata. Ta ce in kai ta. Na zaunar da ita a kujerar nan, gaban allon, ta fuskance shi kamar mai gani.

Ta ce, “Ƙidaya mini na dama.”

Na ƙirga, na ce bakwai.

“Na hagu.”

Na ce shida.

Ta ce, “Kowane Bagobiri haka nan shike. Duba na ukku daga bisa, wajen hagu. Bi shi har bakin baki.”

Na matsa, layin ya ɓace cikin tsaki. Na ja baya ya dawo. Na bi shi a hankali, na ce, “Inna, ya karye a tsakiya, ya rabu biyu kamar ƙafar kaza.”

Ta ce, “Atishawa yay yi ranar suna, askar wanzami ta goce. Uwatai ta ba ni labari.” Sannan ta ce, “Shi na.”

Na ba ta na takardar. Ta shafa shi da babban yatsa, sama da ƙasa, tana neman layin, takarda kuwa sumul take. Ta sa shi ƙarƙashin matashinta duk da haka. Yanzu kullum bayan la'asar sai ta ce a kunna tele a sa mata shi. Tana zama gabansa, can ta ce, “Yana nan?” in ce yana nan. Yara sun daina neman a canja musu tasha.

Wancan kilen na farko yana cikin ambulan ɗin nan, na mayar maka. Aiki ne mai kyau, ka nuna wa masu kawo aiki, amma kada ka ce musu Gali ne. Kilishin da ka roƙa ma ga shi, Inna ce ta tuna, ta ce yaro ya wahala, a ba shi tukwicinsa.

Ta ce in rubuta maka ta yafe, duniya da lahira, kuma in ka zo gida ka biyo ta Madawa ta shafa fuskarka ta ji yadda ka girma. Na rubuta don ta sa ni. Tawa yafiyar ba ta iso ba tukuna, ban san motar da za ta kawo ta ba.

Wassalam.

Yayarka,
Bushira ɗiyar Gali